Allura Sittin

Sau uku Auta ta ɗago kai daga madubin likita, sau uku ta mayar da idonta, abin da ta gani bai canza ba.

Ga su nan birjik, 'yan jajayen sile-sile a cikin shuɗin rini. Shekara huɗu tana aiki a ɗakin awo na asibitin masu tari, ko daga barci aka tashe ta, ta san ƙwayoyin tarin fuka idan ta gan su.

Ta zare gilashin ta duba lambar da ke gefensa, ko Allah zai sa kuskure ta yi.

Goma sha bakwai.

Da hannunta ta rubuta lambar. Ita ce kuma ta yi sati biyu tana roƙonsa ya kawo kakinsa a auna.

"Auta, lafiya? Ga mutane cike da benci, kin tsaya kan gilashi ɗaya."

Sista ce, babbar nas ɗin da ke riƙe da asibitin. Ita ma da wannan sunan take kiranta, don sunan gida ne da ya biyo ta har wurin aiki.

"Sista... zo ki duba min."

Sista ta gyara tabarau ta sunkuya. Ba ta daɗe ba ta miƙe.

"Na Mai agogo ne?"

Auta ta gyaɗa kai, hawaye suka zubo.

"Yi kukanki ki gama, akwai ruwa a randa," in ji Sista a hankali. "Amma kada ki fita da wannan fuskar. In ya gan ki haka, zai ɗauka mutuwa kika gano masa."

Shagonsa yana kwanar titin da ya gangaro asibiti, ɗan tebur ne da akwatin gilashi. A can suka haɗu, ranar da agogonta ya tsaya, wanda take lissafin mintunan rini da shi. Ya gyara, ya ce ta dawo bayan sati ɗaya a sake dubawa. Ta dawo, ya ce ta ƙara dawowa. Sai a zuwa na biyar ya amsa cewa tun ranar farko agogon ya warke, mai gyaran ne bai warke ba.

Yanzu saura wata uku aurensu.

Ta same shi a ƙarshen benci, ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Yana ganinta ya yi murmushi.

"Ranki ya daɗe, me madubi ya ce? Na ci jarrabawa?"

Ta zauna kusa da shi.

"Shi ne."

Murmushin ya ɗan daɗe a fuskarsa kafin ya gushe. Ya zaro hankici ya rufe bakinsa, ya ja jiki zuwa bakin bencin.

"Matsa baya, Auta."

"Ba inda zan matsa."

"Don Allah, zuciyata. Kada in ba ki abin da ba zan iya karɓa ba."

"Kullum cikin masu tari nake wuni, na san yadda zan kula da kaina. Ka saurare ni. Allura sittin ce, kowace safiya ɗaya, ba tsallake. Tare da ƙwayoyi, in allurar ta ƙare ka ci gaba da su shekara ɗaya da rabi. In ka yi haka ka warke."

"Sittin?" Ya zaro ido. "Ni da ko ƙaya ta soke ni sai na kwanta jinya?"

Dariya ta ƙwace mata a cikin kuka.

Tun a ranar aka buɗe masa kati mai gida sittin. Washegari Sista da kanta ta je gidansu, ta auna mahaifiyarsa, ta yi wa 'ya'yan yayarsa rigakafi a dantse. Ta sa aka fitar da katifarsa rana, ta ba shi gwangwani mai murfi na tofa kaki, ta ce a riƙa ƙone abin da ke ciki. Ta dubi ɗakinsa ta girgiza kai, don in ban da ƙofa ba inda iska ke shiga.

Auta ta so ta gaya wa mahaifinta da bakinta, sai dai an riga ta.

Disfensa, mai ba da ƙwayoyi ta tagar ɗakin magani, ya taɓa neman ta bara, ta ba shi haƙuri. Ya ce ba komai. Shi ne ya wanke ƙafa ya je gaida Baba, ya ce jaje ya zo yi.

Da ta dawo aiki ta tarar da Baba a tsakar gida, kayan aikinsa na gini zube a gabansa, bai ko wanke hannu ba.

"Gaskiya ne abin da na ji?"

Ta durƙusa.

"Gaskiya ne, Baba. Amma yana warkewa..."

"Maganar auren nan na janye ta."

"Baba, ka tsaya ka ji..."

"Ba zan ɗauki autata da hannuna in kai ta ɗakin mai tarin fuka ba. Aikin asibitin ma don ba yadda zan yi ne. Daga yau kada ƙafarki ta sake taka shagon nan."

Ta dubi Mama, ko za ta sa baki. Mama ta sunkuyar da kai tana murza bakin zane.

Auta ba ta taɓa saɓa wa Baba ba, ba ta kuma fara a kan wannan ba. Ta daina bin ta kwanar, ta koma zagayawa ta bayan makaranta. Abin da ya rage musu shi ne tagar ɗakin awo. Kullum ƙarfe bakwai na safe, in ya fito daga ɗakin allura yana ɗingishi, sai ya tsaya daga nesa ya ɗaga mata katinsa.

"Goma sha biyu, ranki ya daɗe."

"Saura arba'in da takwas. Ka sha madara?"

"Na sha. Sista dai ba ta da imani, da gudu take soka min."

"Ina jin ka," in ji Sista daga ciki.

A rana ta ashirin tarin ya ragu. A ta ashirin da biyar sikeli ya nuna ya ƙara nauyi. Auta ta fara jin hankalinta yana kwanciya.

A wancan zamanin akwai motar hoton ƙirji da ke zagaya ƙauyuka, ana ɗaukar mutane hoto ana karɓar kaki. Da zagayen ya zo, mai awon da ya saba bin motar yana kwance ba lafiya, sai Sista ta ce Auta ta shirya su tafi tare, kwana shida. Tafiyar ta zo da gaggawa, ba ta samu yi masa sallama ba. Ta rubuta 'yar takarda ta ba Disfensa, tunda ta tagarsa Mai agogo zai bi ya karɓi ƙwayoyi.

"Kada ki damu, Malama," ya ce, ya sa takardar a aljihu. "Kamar ya karanta."

Ranar da suka dawo, ko jaka ba ta ajiye ba ta nufi akwatin katuna ta zaro nasa.

Gida talatin da ɗaya an cike.

Biyar a jere babu komai.

Ta san abin da tsallake ke jawowa. Ta sha ganin waɗanda suka gudu a tsakiya suka dawo bayan wata shida, allurar ba ta ƙara yi musu aiki.

Sista ta karɓi katin ta duba.

"Dokar asibitin nan, wanda ya tsallake kwana uku a bi shi har gida. Wa ya bi shi?"

Disfensa ya ɗaga kafaɗa.

"Mutum ya ce ya gaji, sai a ɗaure shi?"

Shagon a kulle yake. Da Auta da Sista suka isa gidansu, mahaifiyarsa ta tare su da kuka, ta ce ya tafi gonar kawunsa a bayan gari, can wani mai magani zai ba shi jiƙo. Ya ce kunnuwansa na kuka, ya kuma ce kada a gaya wa kowa inda yake.

Sista ta miƙa wa Auta katin.

"Gobe ba zan iya barin asibiti ba. Aikinki ne, ki je ki dawo min da shi."

Auta ta karɓi katin. Ta san za ta iya tafiya ba wanda ya sani a gida. Amma da asuba ta yi, ta sami Baba yana ɗaura kayan aiki a kan keke, ta durƙusa a gabansa da katin a hannu.

"Baba, ya gudu daga magani. An ce in je in dawo da shi. Ba na son in tafi a ɓoye, shi ya sa na zo."

"Asibitin ba su da wani ma'aikaci sai ke?"

"Akwai. Amma ni kaɗai zai ji maganata."

Baba ya ci gaba da ɗaure igiya, ya ɗaure, ya kwance, ya sake ɗaurewa. Can ya zauna a kan bulo.

"Kin san ina da wa?"

Ta ɗago kai. Ba ta taɓa ji ba.

"Shekara biyu ya ba ni. Shi ya koya min riƙon cebur. Tarin nan ya kama shi yana saurayi, aka kai shi wani ɗaki a bayan gida. Ni nake kai masa abinci. An hana ni shiga, sai in ajiye a ƙofa in ƙwanƙwasa in gudu." Ya shafa fuska da tafin hannu. "Yana kirana, yana cewa in tsaya mu yi hira ko daga waje ne. Ban taɓa tsayawa ba. Wata rana na kai, na tarar da na jiya ba a taɓa ba."

Hawaye suka cika idon Auta.

"Allah ya ji ƙansa, Baba."

"Amin. To shi nake gani duk sanda aka ambaci ciwon nan. Sai in ga ke ce a cikin ɗakin."

"Baba, lokacin Baffa babu allura. Da akwai, da ka goya shi a bayanka ka kai shi, na san ka. Yanzu akwai, ga ta a asibiti tana jiran mutum, shi kuma ya gudu ya bar ta."

Baba ya daɗe yana kallon katin da ke hannunta. Sai ya miƙe ya sauke kayan aikin daga kan keke.

"Ba za ki tafi ke kaɗai ba. Ɗauko mayafinki."

Rana ta ɗaga sosai kafin su isa gonar. Matar kawun ta nuna musu wani ɗan ɗakin ajiyar hatsi a can gefe, daga nesa ta nuna, ba ta raka su ba.

A bakin ƙofar akwai kwano a rufe.

Baba ya tsaya cak.

Auta ta dube shi. Kafin ta yi magana ya sunkuya ya ɗauki kwanon, ya tura ƙofar da kafaɗa, ya shiga da sallama.

"Tashi, yaro. Fito waje ka sha iska. Wa ya ce maka ana jinyar ƙirji a cikin rumbu?"

Mai agogo ya fito yana kare ido daga rana. Da ya ga Auta ya juyar da kai. Baba ya jawo tabarmar da ke ɗakin ya shimfiɗa ta a rana, ya koma gindin bishiya ya ba su baya.

"Me ya kawo ki?" Muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Kai."

"Ai da kin huta. Na san komai."

"Me ka sani?"

"Cewa ke kika roƙi a sa ki a motar hoto don ki daina ganina. Kunya ce ta hana ki faɗa min. Ban ga laifinki ba, Auta, wallahi ban gani ba. Wa zai so..."

"Wa ya gaya maka?"

"Disfensa."



"Takardata fa? Ya ba ka?"

"Wace takarda?"

Ta rufe ido ta ja numfashi.

"Na rubuta maka cewa kwana shida zan yi. Na ce ka sha madara. Na ce..." Ta saci kallon bayan Baba, ta rage murya. "Na ce in na dawo ina son in tarar da gida talatin da shida a cike, in ba haka ba mu ɓata."

Ya ɗago ya dube ta, idonsa ya yi ja.

"Ba ki guje ni ba?"

"Ina zan je? Kullum sai na zagaya ta bayan makaranta don kada in ga shagonka in kasa wucewa. Wannan ne mai gudu?"

Ya sa hankici ya rufe fuskarsa gaba ɗaya. Kafaɗunsa suna girgiza.

"Kunnena, Auta," ya ce bayan ya natsu. "Kamar an sa min ƙudan zuma a ciki. Na kara agogo a kunnen hagu ban ji bugunsa ba. Na tambayi Disfensa, ya ce somin-taɓi ne, kafin in kai sittin na kurmance. Da kunne nake aiki. In na kurmance da me zan riƙe ki?"

"Allurar takan taɓa kunne, wannan gaskiya ne. Amma in aka faɗa da wuri, likita yana rage ta daidai nauyin mutum. Shi ya sa Sista take tambayarka kullum. Ya san haka sarai, ya ƙi kai ka wurin likita."

"Ni kuma na yarda da shi."

"Ka yarda da shi, ka ƙi jirana kwana shida." Ta share hawaye da bakin mayafi. "Wannan sai ka warke za mu yi shari'arsa."

Baba ya yi gyaran murya ya taso.

"Ka ji ni da kyau, yaro. Ban ce na ba ka ba. Ka je ka ƙarasa allurarka, in ka zama mutum ka zo mu yi magana. Hau keken nan, ni da ita za mu taka."

Haka suka shigo gari, maras lafiya a kan keke, Baba yana turawa, Auta tana biye da gwangwanin kaki a ƙunshe cikin tsumma.

Likita ya duba kunnen, ya rage allurar. Sista kuwa ta kira Disfensa ofis ta rufe ƙofa. Ba wanda ya ji abin da aka faɗa, amma kafin sati ya zagayo an ɗauke shi daga tagar magani, an mayar da shi sito inda ba ya haɗuwa da maras lafiya. Ranar da zai koma can ya tsaya a ƙofar ɗakin awo.

"Malama, ki yafe ni. Son ki ne ya..."

"Da ya mutu fa?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ka je ka nemi yafiyarsa. In ya yafe, na yafe."

Mai agogo bai sake tsallake ko kwana ɗaya ba. Ranar allura ta sittin ya fito daga ɗakin allura ya durƙusa a gaban Sista yana godiya, ta ce ya tashi kada ya ɓata mata layi, ga shekara da rabi na ƙwayoyi a gabansa. Awon kakinsa kuwa Auta ta ce ba za ta iya ba. Sista ce ta riƙa dubawa. Na farko ya fito babu komai. Na biyu haka. Na uku haka.

Ya buɗe shago. Ya yi ƙiba har abokansa suna tsokanarsa cewa jinya ta karɓe shi. Amma Baba bai ce uffan ba, wata ɗaya, wata biyu, wata huɗu. Auta ta kasa tambaya. Mama ta ce ta bar shi, ita ta san mijinta.

Wata safiya tana shirin fita aiki, yayar Mai agogo ta shigo gidan tana haki.

"Auta, zo ki gani. Babanki yana rushe mana gida."

Ta fita ko takalmi ba ta sa daidai ba.

Ta tarar da maƙwabta sun taru. Baba yana kan tsani da guduma da kurfi, ya huda bangon ɗakin Mai agogo ta gabas, ya zana wani wurin ta yamma da gawayi. Mai ɗakin yana tsaye a ƙasa riƙe da bokiti, ƙura ta yi masa fari fat.

"Baba, me kake yi?"

Bai ko waiwayo ba.

"Taga nake fitarwa. Biyu. Sistarku ta ce sai iska tana shiga tana fita." Ya buga guduma. "Ni ba zan kawo 'yata ɗakin da ba taga ba."

Sai mata suka ɗauki dariya da murna. Mahaifiyar Mai agogo ta rungume Auta tana kuka. Shi kuwa bokitin ya suɓuce masa ya faɗo a kan ƙafarsa.

"Ɗauki bokitin nan ka kawo min ruwa," in ji Baba. "Surukin da ba ya iya riƙe bokiti ban san amfaninsa ba."

Bayan wata biyu aka yi auren. Sista ta zo da kyautarta a cikin kwali, da aka buɗe sai ga sikeli, ta ce duk wata a auna ango a kawo mata labari.

Kunnen hagu bai dawo daidai ba. Na dama ya koya wa aiki, da shi yake sauraron agogo.

Kwana uku da tarewarta, da hantsi, ta miƙa masa ƙwayoyinsa da kofin ruwa, ta tsaya a kansa har ya haɗiye.

"Buɗe baki in gani."

"Haba amarya, har yanzu ba a yarda da ni ba?"

"Saura shekara guda. Mai gudu ba a sake masa."

Ya buɗe, ta duba, ta karɓi kofin. Sai ta sunkuya ta gefen damansa ta faɗi wata magana a hankali, ta juya za ta fita.

Ya riƙo hannunta.

"Me kika ce? Kin san kunnen nan ba ya ji."

"Na hagu ne ba ya ji. A na dama na faɗa."

"To shi ma ya fara."

"In haka ne tashi mu je wurin Sista ta duba."

"A'a, a'a, ya warke," ya ce da sauri. "Amma dai ki maimaita."

Ta yi dariya har ta zauna a bakin gado, ta ajiye kofin, ta maimaita masa.